Kundin aiki: sana'ar fita da karnukan gadi yawo a Gwarimpa

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Na ajiye aikin akanta a ƙarshen Disamba. Albashin N180,000 ne, kuɗin mota daga Dutsen Alhaji zuwa ofis yana cin N45,000, abin da ke zuwa gida N135,000. Wannan adadin nake son sabuwar sana'ar ta kai cikin wata uku. Na ware N600,000: N450,000 na cefane da haya har ƙarshen Maris, N150,000 jari.

Tushen sana'ar: gidaje da yawa a unguwannin Gwarimpa, Kado da Life Camp na Abuja suna da manyan karnukan gadi da ke yini a keji, sai dare a sake su cikin tsakar gida mai daɓen siminti. Mai gida ba shi da lokaci, maigadi kuma tsoron karen yake. Karen da ba ya motsa jini yana yin ƙiba, faratansa su yi zaƙo-zaƙo, ya riƙa haushi ba dalili yana tauna ƙarfen keji.

Farashin da na tsara: fita ɗaya ta minti 45, N3,000. Na wata, sau uku a mako N30,000, sau biyar N45,000. Karnuka takwas a kan N30,000 sun ba da N240,000, wato fita 24 a mako, huɗu a rana, ban da Lahadi. A takarda dai ya zauna.

Laraba, 8 ga Janairu

Allurar riga-kafin ciwon haukan kare, ta farko. Ga wanda bai taɓa cizuwa ba, biyu ake yi: ranar farko da rana ta bakwai. N17,500 kowace, da ta tetanus N2,000. Amfaninta shi ne idan cizo ya auku daga baya, allura biyu kawai za a ƙara, a ranar da abin ya faru da kwana uku bayan nan, kuma ba a bukatar ruwan garkuwar da ake tsirawa a bakin rauni, wanda ga tsada ga wuyar samu. Ciwon nan idan alamunsa suka bayyana ba a tashi. Ba zan taɓa igiyar kowane kare ba sai an gama wannan.

Asabar, 11 ga Janairu

Sayayya, wasu a kasuwar Wuse, wasu a shagon kayan dabbobi:

Igiya mai tsawon mita 1.8, guda uku, N19,500. Ɗamarar ƙirji ta manyan karnuka, biyu, N28,000. Takunkumi mai siffar kwando, babba da matsakaici, N18,000. Gorar ruwa da kwanon roba mai naɗewa, N5,000. Ledar kwashe kashi, N2,000. Ma'aunin zafin jiki, N3,500. Hantsakin cire kaska, N1,500. Bandeji, auduga, aidin da sabulu, N7,000. Takalmin aiki mai rufe idon sawu, N15,000. Riga mai ƙyalli don fitar asuba, N4,000. Ruwan bilic, N2,500. Jimla N106,000.

Abu biyu na ƙi saya duk da nacin mai shago. Igiya mai naɗe kanta cikin akwatin roba: zarenta siriri ne, kare mai kilo 50 idan ya ɗiba da gudu sai ya yanke maka yatsa ko ya tsinke. Sai takunkumin yadi mai ɗaure baki ruf. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa, idan ka ɗaure bakin ka sa shi tafiya ka toshe masa hanyar huce zafi. Na kwando yana barinsa ya buɗe baki ya sha ruwa.

Laraba, 15 ga Janairu

Allura ta biyu. Na kuma tura rajistar sunan kasuwanci a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni: N500 na kama suna, N10,000 na rajista. Masu gadin rukunin gidaje suna son ganin takarda kafin su bar baƙo ya riƙa shige da fice da asuba.

Na je wurin malaminmu kan maganar tsarki, domin tambayar da kowa ke fara yi ke nan. A mazhabar Malikiyya duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har kare, da yawunsa da guminsa. Wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne, ba don najasa ba. Fitsarinsa da kashinsa kuwa najasa ne. Ya ce in tsaya kan karnukan da aka ajiye don gadi. A aikace: kayan aiki daban, kayan salla a jaka daban, kuma ba na shiga gida da takalmin aiki.

Litinin, 20 ga Janairu

Takardun talla 200, N12,000, na raba a ƙofofin gidaje kwana huɗu. Kira biyu, dukkansu masu tambayar ko ina sayar da kwikwiyo. Kuɗin sun tafi a banza.

Abin da ya yi aiki: masu gadi da asibitin dabbobi. Maigadi ya san gidan da ke da kare a layinsa, ya san irinsa, ya san ko ya taɓa cizon wani, kuma shi ne mai isar da magana ga Alhaji ko Madam a lokacin da za a saurare shi. Da ɗan gari akan ci gari. Na sa N2,000 ga duk maigadin da ya kawo gidan da ya biya kuɗin wata. Wani likitan dabbobi ya yarda in ajiye lambata a teburinsa, ni kuma in riƙa kawo masa duk karen da ya samu matsala a hannuna.

Alhamis, 23 ga Janairu

Takardar yarjejeniya, shafi ɗaya. Sharuɗɗan:

Sai na ga katin riga-kafi da idona, mai tambarin likita: ta haukan kare wadda ba ta wuce shekara ba, da DHLPP, allurar da ta haɗa riga-kafin cututtukan kare biyar. “An yi masa” ta baki ba ta wadatar ba. Ba na karɓar kwikwiyon da bai kammala alluransa ba, wato ƙasa da mako 16. Mai kare ya rubuta ko karen ya taɓa cizo. Kada a ba shi abinci cikin awa biyu kafin fita, saboda manyan karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu na iya kumbura ya murɗe, abin da ke kashewa cikin sa'o'i. Ba na sakin igiya a waje ko da mai shi ya ce ba komai. Biya a farkon wata, ta banki.

Ziyarar farko kyauta ce, ba a fita. Mai gida ko wanda ke ba karen abinci yana tsaye. Ina tsayawa a karkace, ba na kallon ƙwayar idonsa, ba na miƙa hannu ta saman kansa. Shi zai zo ya sunsuna. Idan jikinsa ya sandare, ya rufe baki, farin idonsa ya fito, an tashi ke nan, a sake gwadawa gobe. Kaɗa wutsiya ba shaidar aminci ba ce.

Litinin, 27 ga Janairu

Fita ta farko: Simba, kare irin Alseshiyan, shekara uku, kilo 36. Ƙarfe 6:30 zuwa 7:15. Ya ja igiya tun daga ƙofa har dawowa. Maganinsa: da igiya ta miƙe sai in tsaya cak, ba magana, ba fizga. Ya sassauta, mu ci gaba. Mita 600 kacal muka yi cikin minti 20 na farko. Ƙurar hunturu ta sa shi atishawa, ba wani abu ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Gida huɗu yanzu: Simba, Taiga, Bruno, da Sisi, 'yar ƙaramar karya irin Lasa da Hajiya ta ce ita ce ƙararrawar gidan. Ita minti 30, N25,000. Ana duba tafin ƙafa bayan kowace fita, kashin yawo yana maƙalewa tsakanin yatsu.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Taiga ya kuɓuce. Kare ne irin Bobel mai kilo 58, ina fita da shi sau biyar a mako.

Wajen ƙarfe 7:40, a wani layi da ban saba bi ba, kaji suka fito daga wani kango. Ya zabura, ƙugiyar igiyar ta karye a daidai wuyanta mai juyawa. Kafin in kai gare shi ya kama zakara ɗaya. Ban bi shi da gudu ba, domin bin kare da gudu ƙara masa gudu ne. Na tsuguna na kira sunansa da busasshiyar hanta a hannu, ya zo, na zura masa igiya ta biyu. Mai kajin, wani dattijo mai gadin kangon, ya ce, “Ɗana, yau kaza ce, gobe fa?” Gaskiyarsa. Na ba shi haƙuri na biya N9,000. Da yaro ne ya gifta da gudu, da wannan kundin ya ƙare yau.

Na duba karyayyar ƙugiyar: cikinta toka-toka mai tsakuwa-tsakuwa, wato narkakken ƙarfe ne aka zuba a mazubi aka shafe shi da ƙyalli. Duk igiyoyin uku iri ɗaya ne. Laifina ne, na duba kaurin igiya ban duba ƙarfen ba.

Gyara: ƙugiyoyi uku na baƙin ƙarfe masu murfin murɗawa, N7,000, wani baduku ya ɗinke su da zaren taya. Duk kare da ya haura kilo 30 yanzu maƙali biyu ne, ɗaya a ɗamarar ƙirji, ɗaya a abin wuya, in ɗaya ya saki ɗaya na nan. Abin wuya kuma yatsa biyu kawai za su shige ƙarƙashinsa. In ya fi haka sakwa-sakwa, kare mai kaurin wuya irin Bobel zai ja da baya ya zare kansa. Ba na sake shiga layin da ban taka shi ni kaɗai ba tukuna. Na sanar da mai karen a ranar, kafin ya ji daga bakin wani.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Wani gida a Guzape, karnuka biyu, N60,000 a wata, sau uku a mako. Na karɓa na rabin wata don gwaji.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Na bar Guzape. Ga dalili. Babur ɗin haya ba ya shiga tsakiyar birni, sai mota biyu da ɗan drop a ƙarshe: N4,500 zuwa da dawowa, sau shida, N27,000 daga cikin N30,000 da na karɓa. Wannan ma ƙaramar asara ce. Babbar ita ce duk ranar da na je can, safiyar gaba ɗaya ta tafi, karnukan Gwarimpa sun koma yamma a cunkushe.

Kuskuren lissafin 6 ga Janairu ya fito fili. Na ƙirga fita huɗu a rana kamar yinin duka nawa ne. Ba haka ba ne. Lokacin da za a iya taka kwalta da kare a Abuja bai wuce awa biyu da rabi da safe da awa ɗaya da 'yan mintuna da yamma ba. Duk minti goma da na yi a mota, daga cikin wannan ɗan lokacin aka cire shi. Don haka gida mai biyan N25,000 a layin da nake ya fi gida mai biyan N60,000 a wancan gefen gari. Daga yau ba na karɓar gidan da ya wuce tafiyar minti goma a ƙafa daga wani gidan da nake da shi.

Lissafin wata. Shiga: N160,000. Fita: mota N58,000, ladan masu gadi N8,000, zakara N9,000, ƙugiyoyi N7,000, kati da data N6,000, leda da hanta N5,000, jimla N93,000. Saura N67,000.

Litinin, 3 ga Maris

An ɗauki azumi ranar Asabar, zafi kuma ya shigo. Sabon jadawali: fita ta farko 6:00 bayan sallar asuba, ta ƙarshe ta ƙare 8:30. Ta yamma ɗaya tal, 5:15, don in isa gida kafin shan ruwa. Kafin kowace fita ina ɗora bayan hannu a kan kwalta in ƙirga bakwai; in ban iya jurewa ba, tafin ƙafar kare ma ba zai iya ba. Da yamma kwalta ta fi yaudara, rana ta yi sanyi amma ita tana riƙe da zafin yini.

Sababbi: Giwa, kare irin Kokeshiyan mai kilo 62, da wani gida mai biyu, Jet da Laki, N50,000 a haɗe. Duka a layuka uku masu maƙwabtaka da gidan Simba.

Talata, 11 ga Maris

Zafi ya bugi Giwa.

Na sa shi a fita ta ƙarshe, 7:45, saboda mai gidan ba ya son a buɗe ƙofa da duhu. Kare mai gashin da aka halitta don sanyin duwatsun Kokesas, a Abuja, a watan Maris. A minti na 25 hakinsa ya canza, ya zama mai ƙara, harshe ya zazzago ya yi faɗi ya yi ja wur, yawu mai kauri yana dalala. Ya fara neman inuwa yana turjiya, ƙafafun baya suna tangaɗi.

Abin da aka yi, bi da bi: inuwar bishiya nan take. Na cire ɗamara. Na auna ta dubura, 40.6, na lafiyayyen kare tsakanin 38 ne da 39.2. Ruwan gorata bai isa komai ba, na sayi jarka biyu wurin mai ruwa, na riƙa kwarara masa a ciki, hammata, cinyoyi da wuya, ina tura ruwan da hannu har ya ratsa gashi ya taɓa fata, wani yaro yana fifita da kwali. Ban lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul ba, yana riƙe zafi. Ruwan sha kaɗan-kaɗan, ba ɗura ba. Bayan minti 15 ya sauka 39.6, na daina zuba ruwa don kada ya zarce ƙasa. Direban gidan ya zo muka kai shi asibiti duk da ya miƙe da kansa, domin illar zafi ga ƙoda da jini kan fito bayan awanni. An yi masa ƙarin ruwa, ya kwana ɗaya. Kuɗin N30,000, muka raba biyu da mai shi.

Na ce masa, “Ranka ya daɗe, ko dai ƙarfe shida, ko a dakata sai damina.” Ya ba maigadi makulli. Giwa yanzu shi ne na farko, minti 25, ba 45 ba. Jeren fita ya koma bisa gashi da nauyi, ba bisa son mai gida ba: Giwa, Taiga, sannan sauran. Ruwan da nake ɗauka ya koma lita uku.

Talata, 18 ga Maris

Gidan su Bruno sun sayo kwikwiyo a bakin titi mako biyu da suka wuce, ba kati. Jiya ya fara amai da gudawa mai jini mai ƙarni. Likita ya tabbatar parbo ce, cuta mai yaɗuwa da ke kama hanjin kare, musamman kwikwiyo.

Bruno babba ne kuma alluransa sun cika, haɗarinsa kaɗan ne. Matsalar ni ce. Ƙwayar cutar tana fita a kashi, tana rayuwa watanni a ƙasa, kuma a tafin takalmi take yawo gida-gida. Na shiga tsakar gidan nan sau shida tun zuwan kwikwiyon, kuma akwai 'yan kwikwiyo a gidan da ke jikin na su Jet.

Na dakatar da aiki kwana biyu, na sanar da kowane gida dalili. An wanke igiyoyi, ɗamaru, takunkumi, kwano da takalmi da sabulu tukuna, domin bilic ba ya aiki a kan datti, sannan aka jiƙa su minti goma. Ma'auni: bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, ɗaya a ruwa 30, mai kashi 3.5, ɗaya a ruwa 20. A duba jikin kwalba. Ba a dogara da Dettol ga wannan cutar. An ɗauraye, an shanya.

Sabuwar doka: kowane gida da igiyarsa, tana rataye a can. Takalmi biyu, da robar fesa bilic a jaka. Gidan Bruno na dakatar da shi zuwa ƙarshen wata, na mayar musu da N15,000. Idan na dawo, a bakin ƙofa za a miƙo shi, kuma shi ne na ƙarshe a ranar. Na ƙara layi a yarjejeniya: a sanar da ni kafin a kawo sabon kare gida.

Talata, 25 ga Maris

Gwajin haɗa karnukan gida biyu a fita ɗaya, tunda lokaci ba ya ƙaruwa. Simba da Laki: an fara a titi, ba a ƙofar gidan kowa ba, maigadi riƙe da ɗaya, tazarar mita biyar, ana tafiya gefe da gefe. Kwana uku tazarar ta koma mita ɗaya. Sun zauna lafiya. Taiga da Giwa ba za a haɗa su da kowa ba. Nauyinsu a haɗe ya kusa ninka nawa.

Sisi ta shiga lokacin barbara. Mako uku ba ta fita titi, sai wasa a tsakar gida, in ba haka ba duk karnukan unguwa za su biyo mu.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi salla ranar Lahadi, hutun kwana biyu. Lissafin Maris. Shiga: N210,000, a cire N15,000 na Bruno, N195,000. Fita: mota N34,000, asibitin Giwa N15,000, ƙarin igiyoyi, takalmi da bilic N24,000, masu gadi N4,000, kati da data N6,000, ƙananan abubuwa N5,000, jimla N88,000. Saura N107,000.

Bai kai N135,000 ba, wata ukun kuma sun cika. Amma N39,000 na kuɗin da suka fita, asibiti da kayan parbo, ba na kowane wata ba ne, sannan ga N15,000 na Bruno da za su dawo. Zan ci gaba.

Litinin, 14 ga Afrilu

An yi ruwa sau biyu, ciyawa ta fara tsirowa, kaska ta fito. Na cire bakwai a jikin Jet yau: cikin kunne, tsakanin yatsu, ƙarƙashin abin wuya. Ana kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe a hankali. Ba kananzir, ba ashana, ba murɗawa. Na tarar maigadin wani gida yana shirin wanke kare da maganin ƙwarin gona, na hana. Guba ce, tana shiga ta fata. Na tura wa kowane gida saƙo ta WhatsApp su nemi maganin kaska wurin likita, su kuma lura da alamun zazzaɓin kaska: ƙin abinci, kasala, dasashi ya yi fari, wani lokaci haɓo. Keji ma sai an fesa, domin kaskar kare a tsagar bango take ƙwai.

Shirin damina: rigar ruwa da tawul ɗaya ga kowane gida, kimanin N20,000. Fitar da ruwa ya hana za a rama ta cikin mako, ba mayar da kuɗi. Ba fita idan ana tsawa, Simba yana firgita. A hana su shan ruwan kududdufi saboda cutar fitsarin ɓera. Safiya za ta ƙara tsawo da kusan awa ɗaya a ranakun hadari, wannan ya ba da gurbin gida biyu. Akwai guda uku da ke jira. Biyu a layin su Giwa, ɗaya a Jahi. Na Jahi na ba shi haƙuri. Ziyarar farko ga sauran biyun ranar Alhamis, ƙarfe biyar na yamma.